Amsa: Kiɗan 'yan goge huɗu don tunawa da garinku

Malam, ka ce kana son rubuta kiɗan da makaɗa huɗu za su yi da gogen Turawa, na karrama yankin da ka taso, amma kana tsoron ya fito kamar kwaikwayo.

Fara da kunne kafin alƙalami. Ka koma gida ka naɗi waƙoƙin daka, na gaɗa, da na reno daga bakin tsofaffi. Haka Bartok, mai tsara kiɗa na ƙasar Hangari, ya yi tun wajen 1906, yana yawo ƙauyuka da na'urar naɗar murya. A 1913 har Biskra ta Aljeriya ya je, kuma ana jin tasirin tafiyar a kiɗansa na biyu na 'yan goge huɗu. A wannan kiɗan bai kwashe waƙoƙin yadda suke ba, salonsu ya ɗauka ya gina nasa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne karin sauti. Hausa tana da hawa da sauka, shi ya sa kalangu ke magana. In ka lanƙwasa karin don ya dace da fiyano, ɗan garinku ba zai gane waƙarsa ba. Ni dai gara a bar goge ɗaya ya ja baiti, sauran su amsa kamar 'yan amshi, maimakon a cika wuri da sautuka.

Kada ka cusa kowace waƙa. Biyu sun isa. In ta wani mawaƙi ce sananne, nemi izininsa ko na magadansa, ka tuntuɓi lauya kan haƙƙin mallaka. Sannan ka ba makaɗan su gwada kafin ka kammala, su za su nuna maka inda yatsa ba ya kaiwa.