Tambaya da Amsa: Hoton shanu da Kaka ya bari

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. A cikin akwatin marigayi kakanmu, wanda ya yi aikin akawu a gonakin auduga na Jazira a nan Sudan, mun tarar da wani ɗan hoto baƙi da fari. Shanu ne suna komawa ƙauye da almuru, wata ya leƙo ta bayan tudu. Yayana ya ce da alƙalami aka zana shi, amma gefen hoton ya lotsa cikin takardar kamar an danne shi da wani abu. Yaya aka yi shi? Daga ɗiyarka a Mai Wurno, Sinnar.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah Ya jiƙan Kaka. Wannan lotsawa da kika lura da ita, ita ce shaidarki. Alƙalami ba ya barin irinta, sawun faranti ne, wato shimfiɗaɗɗen allon jan ƙarfe da aka buga hoton da shi. A Larabci hafar ake ce wa wannan sana'a.

Ana shafe farantin da kaki, mai zane ya ɗauki allura ya yi ta karce kakin har ƙarfe ya bayyana. Sai a tsoma shi a ruwan asid, ya ci inda allura ta bi, ya bar inda kaki ya rufe. Wurin da ake so ya yi duhu sai a sake tsomawa. Daga nan a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman da tsumma, a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, inji ya matse.

Irin hoton da kika kwatanta, ubangidansa Samuel Palmer ne, mutumin Ingila da ya rayu daga 1805 zuwa 1881. Zamaninsa hayaƙin masana'antu ya fara turnuƙe birane, sai mawaƙa da masu zane suka mai da zuciyarsu karkara, wajen makiyayi da garke da hasken wata. Palmer ya haɗu da mawaƙi kuma mai zane William Blake a 1824, sannan ya tare a ƙauyen Shoreham da ke Kent har 1835. Amma bai taɓa farantin ƙarfe ba sai 1850, kuma goma sha uku kacal ya kammala a rayuwarsa. Kin ga ke nan ƙauyen da ke cikinsu na tunani ne, na mutumin da ya baro wuri yana begensa. Karkarar gaske ba haka take lumui ba: a 1830 leburorin gona a Kent ɗin nan suka riƙa cinna wa tarin ciyawa wuta saboda yunwa da ƙarancin lada.

Ban ga laifin Palmer ba ko kaɗan. Mu da kakanninmu suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi a 1903, mun san wannan ciwon. Kakata har ta rasu tana ba mu labarin wata rijiya da ta baro tana yarinya, kuma a bakinta ruwan rijiyar nan ya fi na Nilu daɗi.

Ki samo gilashin ƙara girma ki duba sararin samaniyar hoton. Babu farar tawada ko ɗigo. Duk hasken watan nan takarda ce tsagwaronta, tana leƙowa ta tsakanin dubban layuka. Ranar da na fara ganin haka, na fi rabin sa'a ban ɗaga kai ba.

Ki kuma duba ƙasan hoton ko akwai sa hannu da fensir, don mai yiwuwa na wani ne daga cikin masu koyi da Palmer. A 1926 an baje ayyukan Palmer a Landan, samarin masu zane irin su Graham Sutherland suka bi sawunsa, daidai lokacin da Turawan Ingila suka cika Jazira bayan kammala madatsar Sinnar a 1925. Sana'ar ma ba ta Turawa kaɗai ba ce, Muhammad Umar Khalil, haifaffen Burri a Khartum, ya yi suna da ita a Amurka.

Don Allah kada ku yanke gefen takardar, kada kuma a kai shi shago a manne shi da leda. Ki sa shi tsakanin fararen takardu biyu, nesa da rana da laimar damina, ki ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara.