Hukuncin ajiye mutum-mutumi mai siffar budurwa don tarbar baƙi a otal

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da ɗan otal a Kano. Da na je baje-kolin kayayyaki a Guangzhou ta ƙasar Sin na ga mutum-mutumin da ke tarbar baƙi, yana magana, yana miƙa katin ɗaki. Iri biyu aka nuna mini. Ɗaya kansa allo ne irin na kwamfuta, yana tafiya a kan taya. Ɗayan kuwa siffar budurwa ce sak, da fatar roba da gashi da ƙafafu, har ƙifta ido take yi. Aikinsu ɗaya, amma na fi son ta biyun domin za ta jawo mini kwastomomi. Idan na kawo ta zan sallami yara biyu da ke zama a teburin. Wani abokina ya ce babu komai, tun da Saudiyya ma ta ba irinta takardar zama 'yar ƙasa. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, ai kai da kanka ka ba da rabin amsar inda ka ce aikinsu ɗaya. Na'urar da ke wa mutum hidima halal ce, babu wani malami mai lura da zai yi gardama a kai. Ko a Masallacin Harami an sa irin waɗannan na'urori suna raba ruwan Zamzam a 2021, kuma ba su da fuskar mutum. Mai kan allon nan saye shi halal, ajiye shi halal.

Matsalar tana wurin wadda ka fi so. Tun da mai allo zai yi maka duk abin da za ta yi, ƙarin kuɗin da za ka biya kuɗin fuska ne da fata da gashi, wato kuɗin sura. Malamanmu na Malikiyya, irin su Shehu Dardir a babin walima, sun tsare maganar: surar abu mai rai tana haramta idan tana da jiki mai inuwa, gaɓoɓinta sun cika, kuma an yi ta da abin da ke daɗewa, a kan wannan ya hakaito ijma'i. Budurwar da ka siffanta ta cika ukun duka. Don haka ƙera ta bai halatta ba, saye da girke ta a ƙofar otal ma haka. Da rabin jiki ce a kafe kan tebur, akwai sassauci a mazhaba saboda naƙasar gaɓa, ko da yake ni ba zan kwaɗaita maka ba, domin an ruwaito daga Ibn Abbas cewa kai shi ne sura, kuma umurnin da Mala'ika Jibrilu ya bayar game da mutum-mutumin da ke ƙofar ɗakin Annabi (SAW) shi ne a cire kansa ya koma kamar bishiya.

Na san akwai masu fatawar cewa wannan hanin bai shafi mutum-mutumin zamani ba. Suna cewa an hana sura ne don gudun bauta, yau kuwa ba wanda zai yi wa na'ura sujada. Sannan Nana A'isha (RA) tana da 'yar tsana har da doki mai fukafukai, Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya bai hana ba. Cikin masu wannan magana akwai mutanen kirki, amma hujjar ba ta tsaya ba.

Tsoron bauta ɗaya ne daga cikin dalilan hanin, ba shi kaɗai ba. Ranar da Annabi (SAW) ya yage labulen Nana A'isha mai zane, wa ke shirin bauta wa labule a ɗakin Uwar Muminai? Abin da ya ambata a lokacin shi ne masu kwaikwayon halittar Allah. Haka ma hadisin ƙudusi da ke cewa babu wanda ya kai zalunci kamar wanda ya tashi yana halitta irin halittar Ubangiji. To idan illar kwaikwayo ce, ka duba inda masu ƙera abin nan suka zuba basirarsu: a sa gira ta ɗaga idan baƙo ya yi tambaya, a sa leɓe ya motsa daidai da fitar sauti, a sa kumatu su lotsa wajen murmushi. Kasuwar tasu kenan, a kalle ta a ɗauka mutum ce. Masu waccan fatawa suna cewa motsi da magana sun fitar da ita daga hukuncin gunki sun mai da ita kayan aiki. Ni kuwa ina ganin motsin ƙara shigar da ita ya yi, domin sassaƙen da yake tsaye ƙiƙam bai kai mai ƙifta ido kama da mai rai ba.

Batun 'yar tsana kuma rangwame ne da aka yi wa ƙananan yara mata, malamai suka ce don su saba da reno da hidimar gida. Ba a ɗauko rangwamen yarinya a ɗora wa magidanci mai neman ciniki. Da akwai larura ta gaskiya da magana ta sauya, kamar jikin roba da ɗaliban likitanci ke koyon aiki a kansa maimakon su koya a kan majinyaci. Jawo kwastoma ba larura ba ce. Kuma ka tambayi kanka wane irin kwastoma ne surar budurwa ke jawowa, da wane ido zai kalle ta, alhali sunanka ne a jikin ginin.

Abin da abokinka ya ji gaskiya ne: a watan Oktoba na 2017, a wani taron masu zuba jari a Riyadh, an sanar da ba Sophia, wadda kamfanin Hanson Robotics na Hong Kong ya ƙera, shaidar zama 'yar ƙasa. Wannan aikin hukuma ne a wurin tallata kasuwanci. Ba majalisar malamai ce ta zauna ba, kuma aikin gwamnati, ko ta wace ƙasa ce, ba ya zama dalili a shari'a.

Saura yaran nan biyu, waɗanda ka ambata a layi ɗaya ka wuce. Shari'a ba ta tilasta maka riƙe ma'aikacin da ba ka buƙata ba. Amma idan kun ƙulla wa'adi, ijara, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, alkawari ne mai ɗaurewa, ba ka da ikon yanke shi don ka samu abin da ya fi araha. Idan na wata-wata ne, ka sanar da su da wuri, ka biya su haƙƙinsu cif, kada su ji labari a bakin masu shara. Ka san halin da gari yake ciki. Mai yiwuwa albashin ɗayansu shi ke ɗora tukunya a gidan su. Da zan ba ka shawara, mayar da su wani sashe ya fi sallama.

Kada ma ka yi gaggawa. A Japan an buɗe otal ɗin Henn na a 2015 a yankin Nagasaki, ana alfahari da cewa mutum-mutumi ne ma'aikatansa. Zuwa 2019 sun ajiye fiye da rabinsu saboda aikin da suke ƙara wa mutane; wanda aka sa a ɗakuna har tashin baƙo yake yi cikin dare idan ya ji minshari, yana zaton magana ake yi masa. Can ke nan da wuta ba ta ɗaukewa kuma injiniya na kusa. Kai da ke kan janareto, ka tambayi dillalin wa zai gyara idan ta tsaya, kuma daga ina kayan gyaran za su zo.

Idan ka sayi mai allon, ka sani yana da kyamara da abin ɗaukar murya. Fuskokin baƙinka da lambobinsu amana ce a wuyanka: ka binciki inda bayanan ke tafiya, ka rubuta sanarwa a wurin da kowa zai gani, kuma kada ya wuce zauren tarba zuwa ɗakunan kwana. In ya ture wani ko ya yi kuskuren lissafi a kuɗin baƙo, kai za ka biya, don na'ura ba ta ɗaukar alhaki. In kuwa ka riga ka ba da kafin alƙalami a kan budurwar, ka kira dillalin a juya kuɗin zuwa mai allo kafin a loda kaya a jirgi.

Wallahu a'alam.