Bushewar ido ta ciwon Sjögren: shin allurar ƙwayoyin asali za ta dawo da hawayena?

Tambaya: Likita, shekara huɗu ke nan ina fama da amosanin gaɓɓai, daga baya aka tabbatar mini da ciwon Sjögren bayan gwajin jini da gwajin hawaye. Kullum idona kamar an zuba masa yashi, lokacin hunturu kuwa ko karatun Alƙur'ani ba na iya daɗewa a kai. Ranar da mahaifina ya rasu na yi kuka amma ko ɗigon hawaye bai fito ba. Wata ƙawata ta kawo mini garin sitem-sel, wato ƙwayoyin asali, na sha, ta ce zan iya daina magungunan asibiti, wani kuma ya ce akwai inda ake yin allurarsa a ido a ƙasar waje. Ina tunanin sayar da filina na gado in tafi, domin ina tsoron makancewa. Me za ka ba ni shawara? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinki, ya kuma ba ki lafiya. Kada ki sayar da filin nan, kuma kada ki ajiye ko ɗaya daga cikin magungunanki.

Allurar da kika ji labarinta gaskiya ne ana bincike a kanta. Tunda a ciwon Sjögren garkuwar jiki ce ke kai wa ƙullin da ke haɗa hawaye hari har ya ƙanƙance, masana sun yi tunanin amfani da wani nau'in ƙwayoyin asali (ƙwayoyin jiki ne da ke iya rikiɗewa su zama wasu irin ƙwayoyi) da ake cirowa daga kitse ko ɓargo ko igiyar cibiya, saboda suna fitar da sinadaran da ke kwantar da kumburi. Ki lura, abin da ake fata daga gare su shi ne su lafar da harin, domin babu wanda ya nuna cewa suna gina sabon ƙullin hawaye a jikin ɗan Adam. Aikin da na fi amincewa da shi an yi shi ne a asibitin Rigshospitalet da ke Kofanhagan a ƙasar Danmak, inda aka fara da marasa lafiya bakwai don a ga ko allurar cikin ƙullin hawaye tana da haɗari, sannan aka yi gwaji mafi girma da mutum 54 wanda sakamakonsa ya fito a 2024. A gwajin na biyu, waɗanda aka yi wa allurar ƙwayoyin sun ce sun sami sauƙi, amma waɗanda aka yi wa allurar ruwan ajiye ƙwayoyin kawai, babu ƙwaya ko ɗaya a ciki, su ma sun ce sun sami sauƙi. Wannan sakamako yana ba da dalilin ci gaba da bincike, amma bai kai a karɓi kuɗin mara lafiya a kansa ba. Har yau wannan allura gwaji ce, kuma a gwaji na gaskiya ba a cajin mara lafiya miliyoyi.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wanda kusan kowane mako sai na yi ta fama da shi a ɗakin duba marasa lafiya. Mutane sun ɗauka cewa sitem-sel abu ɗaya ne, kamar yadda farasitamol yake abu ɗaya, wanda za a iya ƙunsawa a leda a sayar, ya warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa da ido duk a lokaci guda. Garin da ƙawarki ta kawo miki, idan kika karanta kwalinsa da kyau, galibi za ki tarar an rubuta cewa daga tuffa ko inabi aka samo shi. Ƙwayar tsiro ba ta rikiɗewa ta zama naman mutum. Ko da a ce ƙwayoyin mutum ne masu rai, ba za su rayu a busasshen gari a cikin jakar hannu a zafin watan Afrilu ba, tunda a ɗakin bincike daskarar da su ake yi cikin tsananin sanyi don kada su mutu. Ko da sun rayu, ciki zai narkar da su kamar yadda yake narkar da tsokar nama. To ta wace hanya za su bi su isa ƙullin hawaye? Masu tallar sukan nuna lambar NAFDAC, amma lambar rajista a jikin kayan ƙarin abinci ba shaida ba ce cewa an gwada shi ya warkar da wata cuta.

Da asarar kuɗi ce kawai da na yi shiru, domin kowa da yadda yake kashe nasa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne kalmar nan ta "ki daina maganin asibiti". Idon mai Sjögren, musamman idan akwai amosanin gaɓɓai tare da shi, yana iya kai wa matakin da tantanin gaban ido zai yi gyambo ya yi ta sirancewa har ya huje, kuma wani lokaci hakan na faruwa ba tare da ciwo mai yawa ba, saboda jijiyoyin wurin sun riga sun dushe. Na ga matar da ta ajiye magungunanta na tsawon watanni tana shan irin wannan gari, ta dawo mana ido ya kusa fashewa, wadda ta sayar mata kuwa ta ce wai cutar ce ke fita. Babu cutar da ke fita ta hanyar huda ido. Irin wannan magana, wai tsanantar ciwo alama ce ta cewa garin yana aiki, ita ce ke hana mutane zuwa asibiti a makon da za a iya ceto ganinsu.

Allurar ƙasar waje ma ba ta tsira daga wannan ba, kuma kasancewar asibiti a ƙasar da ta ci gaba ba kariya ba ne. A 2017 mujallar likitoci ta New England ta wallafa labarin mata uku tsofaffi a jihar Filorida ta Amurka, waɗanda kowaccensu ta biya dala 5,000 aka yi mata allurar ƙwayoyin da aka ciro daga kitsenta a cikin idanu biyu a rana ɗaya, saboda wata cutar bayan ido. Dukansu sun yi mummunar asarar gani, ɗaya ta makance gaba ɗaya. 'Yan kasuwa suna fakewa ne da nasarori na gaskiya waɗanda ba su shafi ciwonki ba. Dashen ɓargo ga masu sikila da sankarar jini magani ne tabbatacce, haka kuma a 2015 Tarayyar Turai ta amince da wani magani mai suna Holoclar, wanda ake yi da ƙwayoyin asali na gefen baƙin ido don gyara idon da ya ƙone. Abin lura ma shi ne, wasu daga cikin waɗanda aka yi wa dashen ɓargon wani suna samun bushewar ido mai tsanani a sanadiyyar dashen, idan sabbin ƙwayoyin suka juya wa jikinsu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa ƙwayoyin asali ba ruwan Zamzam ba ne da za a sha don kowace lalura.

Ba ki faɗi abin da kike ɗigawa yanzu ba, amma na yi imani akwai sauran matakai da ba a gwada miki ba. Idan kina ɗiga hawayen kwalba, wato maganin ɗigawa mai jiƙa ido, fiye da sau huɗu a rana, ki koma wanda babu sinadarin hana lalacewa a cikinsa, domin sinadarin kansa yana cin tantanin ido, sannan ki sa mai kauri da dare. Akwai maganin ɗigawa na cyclosporine da ke rage kumburin, sai dai yana da zafi da farko kuma yakan ɗauki watanni kafin a ga amfaninsa, shi ya sa mutane da yawa ke yar da shi tun bai fara aiki ba. Ana iya toshe 'yar ƙofar da hawaye ke zurarewa zuwa hanci don ɗan abin da ke akwai ya daɗe a ido. Ana kuma haɗa maganin ɗigawa daga ruwan jinin mara lafiya kansa, wanda yake taimakawa sosai idan tantanin ya fara rauni. Ki nemi likitan da ya ƙware a kan tantanin gaban ido, a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko a wani asibitin koyarwa, ki tambaye shi waɗanne daga cikin waɗannan za a iya yi miki. Da hunturu ki sa tabarau mai rufe gefe, ki guji zama fanka ko na'urar sanyaya ɗaki na busa miki fuska, ki nisanci hayaƙin itace da na turaren wuta.

Kada ki sayi maganin ɗigawa mai sitiroyid a kemis don ya ɗauke miki ja, domin yin amfani da shi ba tare da ana auna ido ba yana jawo hawan jinin ido da yana. Zuma da nonon uwa da ruwan albasa ma kada su shiga idon nan. Idan kina shan hydroxychloroquine, maganin da ake ba masu amosanin gaɓɓai, ki tabbata ana duba miki bayan ido lokaci zuwa lokaci. Idan kuma kika ga kumburi a gefen kunne irin na hangum wanda ya ƙi sauka, ko kaluluwa a wuya, ki gaya wa likitan gaɓɓanki, saboda masu Sjögren sun fi sauran mutane haɗarin kamuwa da sankarar kaluluwa.

Mafi yawan masu wannan ciwo da ke bin magani ba sa makancewa. Amma duk ranar da kika ga farin tabo a baƙin ido, ko ganinki ya ragu farat ɗaya, ko kika kasa buɗe ido a cikin haske, ki je asibitin ido a ranar, ko da ranar da aka ba ki ta komawa ba ta yi ba.