Tambaya da Amsa: Me ya sa hoton tsuntsu ba ya fita min tas?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Gashuwa nake rubutowa. Na sayi kyamara ta hannu da lens 70-300, duk lokacin sanyi ina zuwa Dagona, tsuntsaye ga su nan birjik amma in na dawo gida na buɗe a kwamfuta sai in ga ɗan ɗigo a tsakiyar ruwa, ko ya yi dishi-dishi, belbela kuma fari fat ko gashinta ba a gani. Dan Allah lens ɗin zan sayar in nemi babba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka sayar da komai tukuna, wallahi 300 ɗin nan ta isa ta yi maka aikin da za ka sa a firem. Kuma ka gode wa Allah da inda ya ajiye ka, Dagona fa ce, wurin da marigayi Yarima Philip mijin marigayiya Sarauniyar Ingila Elizabeth ya taso takanas ya zo gani a 1989, agwagin Turai na tsallako hamada su yi sanyi a fadamun Haɗeja da Nguru, ga kirinjijiya da dinya namu na gida, kai kuwa a ƙofar gidanka suke.

Matsalarka nisa ce, kuma a ƙasarmu babban lens ba ya maganin nisa. Lokacin hunturu duk taku ɗaya tsakaninka da tsuntsu ƙura ce a iska, in ka tsaya nesa ka ja zum, ƙurar ma ka jawo ta, shi ya sa hoton ke fitowa kamar an shafa masa toka. Kuma ba bin tsuntsu ake ba, in ka bi shi ƙeyarsa kawai za ka ɗauka. Ka je yau ka lura da inda suke sauka kiwo, gobe kana sallame asuba ka riga su zuwa, ka bar farar jallabiya a gida ka sa kaya masu launin ƙasa, ka shimfiɗa buhu a bakin ruwa ka kwanta rub da ciki, ka yi shiru. Ni na taɓa yin kusan awa ɗaya a haka, taɓo ya jiƙa min gwiwar hannu, sai ga zalɓe ya tako a hankali har ina ganin ɗigon ruwa na sauka daga tsinin bakinsa, ko sau ɗaya bai waigo ni ba. Kwanciyar nan tana da wani amfani kuma: idonka ya zo daidai da idonsa, abin da ke bayansa ya koma can nesa ya narke ya yi sumul, tsuntsun ya fito shi kaɗai. In a tsaye ka ɗauka, taɓo da kacala ne za su cika hoton.

Ga wani abu da hunturu ke ba mu kyauta. Iskar daga arewa maso gabas take busowa, rana da safe tana gabas, manyan tsuntsaye kuwa iska suke fuskanta in za su tashi ko za su sauka. To ka ba rana da iska baya, sai su taso suna kallonka, haske na kan fuskarsu. Daga ƙarfe goma zuwa la'asar ka huta, hasken ya yi kaifi.

Dishi-dishi kuma saurin shota ne, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗe ido ta rufe in za ta ɗauki hoto. Tsuntsu a zaune kar ka sauka ƙasa da 1/500 na daƙiƙa, mai tashi 1/2000, ƙanana masu zillo ma fiye da haka. Lambar f, wato girman ƙofar da haske ke shiga lens, ka bar ta 6.3 ko 8, ISO mai ƙara wa hoto haske kuma ka sa shi a kan oto ya hau abinsa, kar ka ji tsoron 1600 ko 3200, tsakuwa-tsakuwar da yake kawowa ana rage ta a editin, amma hoton da ya girgiza babu mai gyara shi. Fokas a kan ido, kullum ido. Ita belbela kyamara ce ke ruɗewa, ta ga ruwa ko ciyawa mai duhu sai ta ƙara haske farin ya ƙone. Nemo maɓallin da ke da alamar +/- ka mayar da shi -1, ka duba, in da saura ka ƙara ragewa kaɗan. Sannan dan Allah kar ka cire lens a fili lokacin ƙura.

Tambaya: Malam ni daga Damagaram ce, waya kawai gare ni. Shamuwa na sheƙa a bishiyar gidanmu duk damina, ina so in ɗauke ta da kyau.

Amsa: Ƙanwata waya ma tana yi, sharaɗin kar ki matse allo ki ja zum har 10 ko 20, yawanci yanke hoton kawai take yi tana kumbura shi. Tsaya a 2 ko 3 in wayar na da wannan lens ɗin. Shamuwa ta saba da mutane, ki jira yamma lokacin da take dawowa, ki hau bene ko wani tudu don kar ki ɗauko ta daga ƙasa sararin sama ya mayar da ita baƙa ƙirin, ki danna yatsa a kanta a allo sannan ki ɗauka a jere da yawa. Amma kar ki sa yara su hau bishiyar, sheƙa ba a matsa mata. Ƙananan tsuntsaye kuma ki ajiye kasko da ruwa a inuwa lokacin bazara, ki jingina wayar kusa da shi, ki koma nesa ki riƙa danna maɓallin ƙara sauti na iyafis, a wayoyi da yawa shi ma yana ɗaukar hoto.

Tambaya: Yallaɓai daga Jos. Wane filta ne ke sa kala ta fito sosai? Nawa in na tura a WhatsApp sai ya dushe.

Amsa: Ɗan'uwa ni ba na son filta a kan tsuntsu, kuma zan faɗa maka dalili. Kusa da kai a dajin Amurum akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI tun 2001, a duwatsun Filato ɗin nan aka gano wani ɗan jan tsuntsu da sai 1998 masana suka ba shi suna. Masu wannan aiki da kala da zanen gashi suke bambance wannan da wancan, in ka murɗa kala har ja ya koma kamar an zuba manja, ka ɓata shaida, mai kallo ma zai ji a jikinsa akwai ƙari.

In kyamararka na yin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka ɗauka da shi, ka buɗe a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, in babu ita akwai Snapseed, kyauta ce. Fara da yanka, ka bar fili a gaban baki, wajen da tsuntsun ke kallo, kar ka guntule masa jela ko ƙafa. Sai ka ja wurare masu haske ƙasa har gashi ya bayyana, ka ɗaga inuwa kaɗan. Akwai wajen cire hazo a Lightroom, yana taimako a hoton hunturu amma taɓawa ɗaya, in ya yi yawa sama sai ta yi datti. Kaifi kuma a jikin tsuntsun kaɗai za ka sa da burushi, musamman kai da ido, bayan hoton ka bar shi da laushinsa, can ne za ka rage tsakuwar ISO. In ka gama ka ajiye wayar ka sha ruwa ka dawo ka sake kallo, yawanci za ka ga ka zarce, sai ka rage.

Batun WhatsApp, matse hoton yake yi. Ka tura shi a matsayin dokumen zai isa yadda yake, ni ma in za ka aiko min na duba, haka za ka turo, tare da na asalin da ba ka taɓa ba.