In'inar ɗana: gado ce ko kwaikwayo?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 4 ya fara in'ina wata 5 da suka wuce, mahaifinsa ma yana da ita. Surukata ta dage cewa kwaikwayon ubansa yake yi, tana so a mayar da shi hannunta, a kuma kai shi wurin wanzami a yanka masa linzami. Hankalina a tashe yake. Mu muka jawo masa?

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki. Yaro ba ya ɗaukar in'ina ta hanyar kwaikwayo, don haka raba shi da mahaifinsa ba zai ƙara masa komai ba sai kewa. Binciken tagwaye ya daɗe da nuna cewa gado ne ke da kaso mafi girma, kuma a 2010 ayarin masanin kimiyyar gado Dennis Drayna na Amurka ya gano sauyi a ƙwayar gado mai suna GNPTAB a wani babban dangi a Pakistan, daga baya kuma ya gano wata, AP4E1, a wani dangi a Kamaru. Duk da haka, ko tagwaye masu kama ɗaya akan samu ɗaya yana in'ina, ɗayan ba ya yi. Kimanin yara 5 cikin 100 suna yin ta a ƙuruciya, kuma akasarinsu tana barinsu.

Maganar wanzami ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji ta. In'ina ba a harshe take ba, a ƙwaƙwalwa take, a yadda sassan da ke tsara magana suke haɗa aiki da juna. Yaron da yake rera waƙa tiryan-tiryan ba tare da sarƙewa ba, da wane harshen yake rerawa? Sai a danne yaro lafiyayye, a sa masa askar da ba a san bakin wa ta shiga jiya ba, a kawo mana shi yana zubar da jini, ko kuma daga baya ciwon hanta ko cutar sarƙe-haƙora ta bayyana. Abin takaicin ma, idan in'inar ta tafi da kanta bayan shekara guda, kamar yadda da ma za ta tafi, sai a ce ai aikin aska ne, a tura maƙwabta su kai nasu.

Rawar gida tana nan, amma a wani wurin daban. Tsawa, dariya, ƙarasa masa magana, da yawan cewa "nutsu ka sake faɗa" su ne suke sa yaro ya tsorata da bakinsa har ya daina magana a aji. Ku saurare shi har ya kai aya, ku ma ku rage saurin magana. Da yake namiji ne, akwai ta a dangi, kuma ta kusa wata 6, kada ku jira: ku kai shi asibitin koyarwa mafi kusa a haɗa ku da masanin gyaran magana, kuma mahaifinsa ne ya kamata ya yi wa surukarki bayani, ba ke ba.