Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Sikimar da na'ura ta rubuta ba ta karɓar gyaran hannu

Tambaya: Malam, muna amfani da KubeVela wajen ɗora manhajojinmu a kan gajimare. Na buɗe sikimar wani ɓangare da muka ƙirƙira, wato bayanin guraben da ake cikawa da irin abin da kowanne yake karɓa, na ƙara mata gurbi da hannuna domin ya fito a fom ɗin VelaUX, wato shafin yanar gizo da ake sarrafa KubeVela ta cikinsa, amma da abokin aikina ya sabunta ma'anar ɓangaren sai gyaran ya ɓace. Shin kutse aka yi mana? (Wani mai rubuta manhaja, Nima)

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, babu wanda ya yi muku kutse, kai ne ka yi aikin baban giwa. Wannan ɗabi'a tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin daga Nima har Sabon Zango, da zarar matashi ya iya umarnin `kubectl edit` na buɗe saiti a gyara shi, sai ya ɗauka duk abin da ya buɗu a gabansa an buɗe shi ne don ya taɓa.

KubeVela an gina shi a kan OAM, tsarin fayyace manhaja ɓangare-ɓangare, wanda Microsoft da Alibaba suka sanar a 2019, kuma ana rubuta ma'anar ɓangarorinsa da harshen CUE. A cikin kowace ma'ana akwai sashe mai suna `parameter`, inda marubuci yake fayyace abin da mai amfani zai cika. Da zarar an shigar da ma'anar, kwantirola, wato manhajar KubeVela mai sa ido a kan ma'anoni, yana karanta wannan sashe, ya fitar da sikima bisa ƙa'idar OpenAPI ta 3, sannan ya ajiye ta a cikin ConfigMap, wato ma'ajiyar saiti, a mazauni ɗaya da ma'anar, wanda galibi shi ne `vela-system`. Duk sanda ma'anar ta sauya zai sake rubuta sikimar daga tushe, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Ka yi gyara a kan kwafin takarda ne, ka bar ta asali a cikin injin, sannan kana mamakin yadda sabon kwafi ya fito.

Abin da ya fi damuna ma shi ne, ko da gyaran naka ya tsira, da bai tsinana komai ba. Fom zai nuna gurbin, mai amfani zai cika, amma samfurin cikin ma'anar da ke haɗa kayan Kubernetes, wato tsarin da ke tafiyar da manhajojin, bai san da zamansa ba, tunda babu inda aka ambace shi a ciki. Ka ga an yaudari mutum ke nan da gurbin da ba ya kai saƙo ko'ina.

Ka koma cikin `parameter` ka yi aikin a can. Idan ka rubuta `image: string`, gurbin ya zama dole. Idan ka rubuta `port: *80 | int`, tauraron yana nufin za a ɗauki 80 matuƙar ba a cika wata lamba ba. Alamar tambaya a bayan suna, kamar a `cmd?: [...string]`, ita ce take mai da gurbi na ganin dama. Bayan haka ka kira sabon gurbin a cikin samfurin. Ina kuma roƙonka, don girman Allah, ka riƙa ɗora layin `// +usage=` a saman kowane gurbi, domin shi ne yake zama bayani a sikimar, kuma shi zai hana sabon ma'aikaci bugo maka waya ana tsakiyar walimar suna yana tambayar me zai cika. Ma'anar da ba ta da wannan layi, ni ba na ko karanta ta. Idan kuwa jerin gurabe da kamannin fom ne kawai damuwarka, VelaUX yana da sikimar fuska ta daban wadda aka tanada don haka.

Tambaya: Na sa mabuɗin sirrinmu na karɓar kuɗin MoMo a matsayin ƙimar da ake ɗauka kai tsaye, don kada abokan aiki su riƙa wahalar cikawa. Akwai laifi? (Wata 'yar'uwa, Aboabo, Kumasi)

Amsa: Hajiya, tausayin naki ya yi yawa. Ƙimar tana fitowa ɓaro-ɓaro a cikin sikimar, kuma duk mai ikon karanta ConfigMap zai gan ta. Ki sauya mabuɗin yau, ki ajiye sabon a cikin Secret, wato ma'ajiyar sirri ta Kubernetes, gurbin kuma ya karɓi sunan Secret ɗin kawai.

Tambaya: Ta yaya zan san guraben da ɓangaren `webservice` yake karɓa? (Wani ɗalibi, Asawase)

Amsa: Ka buga `vela show webservice`, wanda ya fi rubuta mini wasiƙa sauri.

Tambaya: Helm, manhajar girka kayan Kubernetes, shi ma yana fitar da irin wannan sikima da kansa? (Mai karatu, Fadama)

Amsa: A'a. Tun Helm 3 na 2019 yana tantance ƙimomi da fayil ɗin `values.schema.json`, amma samar da fayil ɗin yana wuyanka.