Jirgin ƙasa ne ya kawo dalar gyaɗa Kano?

Tambaya: Malam, wai gaskiya ne jirgin ƙasa ne ya kawo dalar gyaɗa Kano? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: To ɗan'uwa, kusan haka ne. Turawa sun fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, bakin kogin Neja, a 1907, ya iso Kano a 1911, kuma su fa auduga suke hange saboda masaƙun Ingila, amma manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, ga ta ana ci in kasuwa ta faɗi, sai kowa ya rungume ta, buhuna suka yi ta taruwa suna jiran tarago har suka zama dala. Nan irin su Alhassan Ɗantata suka yi arziki.

Da zuwan jirgin, ayarin raƙuma na Tarabulus ta Libiya kam sai ya mutu murus, goro ma ya koma biyo jirgi daga Ikko. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar kudu suka cika Sabon Gari, Kaduna kuwa da ba kowa ba ce ta ƙwace hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917.